"Ajiye" ka ce? Uwa kaya ce?

Daga zauren WhatsApp na ƴan ajinmu na Damagaram, Lahadi bayan la'asar zuwa safiyar Litinin.

Mutari: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke raina, mai jin haushi ya ji. Daga gidan Goggona nake, yayar babanmu. Wata bakwai ke nan da hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye. Gidan nan mutum ya fi ashirin, ƴaƴa da surukai da jikoki. Na same ta a ɗakin ƙurya inda ake jibge buhunan hatsi, kwance kan tabarmar roba, zanin ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Kofin ruwa na nan, amma an dire shi ta ɓangaren hannun da ba ya motsi. A wannan zafi na Afrilu! Da muka juya ta ni da wata jikarta, sai ga gyambo a ƙugunta, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, ƙuda na bi. Kullum muna bugun ƙirji wai mu ba Turawa ba ne, ba mu yar da tsofaffinmu. Ƙarya muke. Wallahi da akwai gida mai tsabta a garin nan, da gado da fanka da ma'aikatan da suka san aikin, gara a ajiye tsoho can da wannan wulaƙanci.

Lawali Tela: Ajiye??

Lawali Tela: Mutari sake karanta abin da ka rubuta. Ajiye. Kamar babur a wurin mai gadi.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Matar da ta goya babanka ita ce yau za a ajiye. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Mutari: Hajiya ki duba maganar gyambon mana.

Lawali Tela: Ba mu zo kan gyambo ba tukuna. Ka janye kalmar.

Malam Habu: Ƴan uwa, a koma ga Suratul Isra'i, aya ta 23. Kowa ya haddace wurin "kada ka ce musu uf", amma ana tsallake kalmar da ta riga ta. Allah ya ce idan ɗayansu ko dukansu biyu suka kai ga tsufa "indaka", wato a wurinka. Bai ce a wurin gwamnati ba, bai ce a wurin ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ba. A wurinka. Magana ta ƙare.

Malama Zainabu: Allah ya gafarta Malam, ban ja da aya ba. Amma Lawali, Hausa kake son koya mana? Me ake ajiyewa in ba abu mai daraja ba? Zinariya ake ajiyewa, iri ake ajiyewa don damina. Hausawa suka ce ajiya maganin wata rana. Da ya ce "jefar" ko "yar", da ni ma na taya ka.

Lawali Tela: Malama, ai ana ajiye mutum a tasha kuma a wuce. Ana ajiye aiki. In an ce wane ya ajiye mace a Sabon Gari, daraja ce ya ba ta?

Sani Kabu-kabu: Hahaha Lawali ya san hanya ke nan

Ibro: Ni mazaunin Sabon Gari ne, a bar sa unguwarmu cikin irin wannan misali.

Malama Zainabu: Shekara ashirin ina koyar da yara, ba tela ne zai yi mini fassarar kalma ba.

Lawali Tela: Telan da ya ɗinka miki kayan Sallah har yanzu yana bin ki jaka uku.

Malama Zainabu: Wanda ka kawo bayan Sallah da kwana huɗu?

Nana Faransa: Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo sama da sittin. Ku yi haƙuri zan yi tsawo, don ni ce kaɗai a nan da ke aiki a irin gidan da kuke faɗa a kansa, shekara tara ke nan. A nan Faransa ana kiransu EHPAD. Mutari, ba aljanna ba ce kamar yadda kake zato. Lawali, ba juji ba ne kuma. Kuɗin ɗaki ɗaya yakan kai wajen yuro 2000 a wata, ku buga da 656, ya haura miliyan ɗaya da jaka ɗari uku na sefa. A Nijar albashi mafi ƙanƙanta jaka 42 ne tun 2024. Wa zai biya? Kuma kuɗin ba ya hana ɓarna. A 2022 aka bankaɗo badaƙalar Orpea, kamfanin da ke da ɗaruruwan irin waɗannan gidaje, aka zarge su da ƙayyade wa tsofaffi abinci da kunzugun manya don riba ta ƙaru. Ƙasar nan ta girgiza, har kamfanin ya canza suna daga baya. Ni kaina akwai safiyar da nake wanke mutum goma sha biyu kafin ƙarfe sha ɗaya. Wata tsohuwa takan riƙe mini hannu tana son hira, ni kuwa idona na kan agogo. Akwai wadda shekara biyu ban ga ko mutum ɗaya ya zo duba ta ba.

Nana Faransa: Amma abin da zan faɗa tsakanina da Allah: gyambon da Mutari ya kwatanta, in ya fito wa tsoho a wurinmu, sai an tambayi wanda ke aiki. Akwai takarda a bakin gado, duk awa biyu zuwa uku a juya mutum a rubuta. Akwai katifa mai iska. A zafin Agustan 2003 mutum wajen 15,000 suka mutu a Faransa, galibinsu tsofaffi, daga nan aka wajabta wa kowane gidan tsofaffi ya tanadi ɗaki mai sanyi, kuma da zafi ya taso muna bi gado gado da kofin ruwa, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Zafin da ya kashe su, mu a Damagaram kowace shekara muna shan wanda ya fi shi.

Hajiya Rabi: Kun ji ko? Shekara biyu ba wanda ya zo. Daga bakin mai ita.

Mutari: Hajiya saƙo biyu ta turo, na farko kaɗai kika gani?

Lawali Tela: Nana, da girmamawa, ke da kike wanke tsofaffin Turawa goma sha biyu kafin hantsi, wa ke wanke Inna a Birni?

Nana Faransa: Lawali kada ka sa uwata a bakinka.

Lawali Tela: Tambaya ce kawai.

Nana Faransa: Da kuɗin wankan Turawan nan nake biyan maganinta da matar da ke kwana da ita. Kai da ke gari ɗaya da taka, yaushe rabonka da ka yanke mata farce?

Sani Kabu-kabu: Tooo. Wuta ta kama.

Malam Habu: A ji tsoron Allah, a bar iyaye. Amma Nana, kin ga ke ma ba ki ajiye ta ba, a ɗakinta take.

Malama Zainabu: Ta ɗauki mai aiki tana biya. Ma'aikaciya mai jiran ƙarshen wata ke nan, Malam, wadda ka ce aya ba ta ambata ba.

Malam Habu: Wannan wakilci ne, hukuncinsa daban.

Malama Zainabu: To in an tara tsofaffi biyar an wakilta mata biyu fa?

Malam Habu: Sai na duba littafi.

Ibro: Ni abin da ke ba ni dariya, wai al'adarmu ba ta san ware mutum ba. Kara-Kara don wa aka yi ta? Ba kutare aka tura can bayan gari ba? Ku je ƙofar kowane masallacin Juma'a ko bakin Kasuwar Dole ku ƙirga tsofaffi masu ƙoƙo a hannu. Daga sama suka faɗo? A Kano ma, da ba Turai ba ce, akwai gidan gajiyayyu a Shahuci.

Garba: Ibro, a Kara-Kara aka yanke cibiyata. Me kake son cewa?

Ibro: Tarihi na faɗa, ban zagi kowa ba.

Garba: Kullum in za a kawo mugun misali sai Kara-Kara. In maganar ƴan daban palais ce Kara-Kara, in bara ce Kara-Kara. Ɗazu kai ne mai cewa a bar Sabon Gari. Ku zo ku ga yadda muke riƙe tsofaffinmu, mun fi masu gidan sama.

Ibro: Ai ban ce

Garba: Ka ce.

Hajiya Rabi: Gajiyayyu daban, iyaye daban. Gidan Kano na wanda ba shi da kowa ne. Goggon Mutari tana da mutum ashirin.

Mutari: ABIN DA NAKE FAƊA KE NAN TUN LA'ASAR. Mutum ashirin, kofi a hannun da ya mutu.

Hadiza: Na yi shiru tun ɗazu don ina ganin girman zumunci, amma ya isa. Mutari, ka manta ƙanwata ce ke auren ɗan Goggo na biyu? Ita kaɗai ke jinyar nan. Ƴaƴan Goggo maza huɗu, ɗaya na Agadas, ɗaya na Libiya, biyun da ke gida sai su tsaya bakin ƙofa su ce "Inna ya jiki" su wuce. Yarinyar nan da goyo a baya da ciki wata shida take ɗaga matar da ta fi ta nauyi. Famfo ya kwana uku bai kawo ba, ruwan ƴan ga-ruwa take saye ta wanke zannuwa sau uku a rana. Kunzugun manya a farmasi ka san kuɗinsa? Ɗakin ƙuryar da kake zagi, Goggo ce ta ce a mai da ita can don kunyar surukai maza su gan ta a haka. Kai kuma cikin wata bakwai sau nawa ka je? Sau biyu. Ka kai gwangwanin madara ɗaya da sabulu, ka fito ka tona musu asiri gaban mutum tamanin.

Mutari: Ban ambaci sunan kowa ba.

Hadiza: Goggo nawa gare ka?

Mutari: Sau uku na je.

Hajiya Rabi: Hadiza Allah ya saka wa ƙanwarki. Aljanna take nema.

Malama Zainabu: Aljannar kullum matar ɗa ce ke nemanta? Su ƴaƴan da aya ta ce "a wurinka", su ba su so? Lawali, Malam, kun cika zaure da faɗa kan kalma, cikinku wa ya taɓa canza wa tsoho zani da hannunsa?

Lawali Tela: Namiji ba ya ganin tsiraicin uwarsa.

Malama Zainabu: Na uba fa?

Sani Kabu-kabu: Lawali ya sauka daga layi hahaha

Lawali Tela: Wuta aka ɗauke, caji na ke lallaɓawa. Kuma har yanzu bai janye "ajiye" ba.

Mutari: Ba zan janye ba.

Nana Faransa: Hadiza, ki gaya wa ƙanwarki: a daina kwantar da ita kan gyambon sam, a riƙa juya ta duk awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa don diddige kada ya taɓa ƙasa. A cire tabarmar roba, tana riƙe zufa. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso. In za a ba ta kunu a zaunar da ita tukuna, mai shanyewar jiki yana saurin shaƙewa. Kuma gyambon da ya buɗe haka sai ma'aikacin lafiya ya gani, in ya fara wari ko jiki ya yi zafi, asibiti kai tsaye.

Garba: Har yanzu ina jiran Ibro ya ba mutanen Kara-Kara haƙuri.

Ibro ya fita daga zauren.

Alhaji Sale, admin: Salamu alaikum, barkanmu da asuba. Na karanta duka, ga taƙaitawa don waɗanda ba su samu bi ba. Ɗan uwanmu Mutari ya kawo shawarar a riƙa ajiye iyaye a gidan tsofaffi irin na Turawa. Alhamdu lillahi kusan kowa ya ƙi. Malam Habu ya kawo aya ƙarara, ba wanda ya iya ja. Ƴar uwarmu Nana, da ke aiki a can, ta tabbatar da bakinta cewa ana yi wa tsofaffi rowar abinci, kuma ana shekara biyu ba a leƙa su, ga tsada miliyan da wani abu. Hadiza ta bayyana cewa Goggo na samun kulawa daidai gwargwado, kuma mai ƙorafin sau biyu ya je. Malama Zainabu ta yi ƙoƙarin juya maganar ta koma ta maza da mata, wannan ba wurinsa ba ne. Ni da na riƙe mahaifiyata a gidana har Allah ya karɓi abarsa, iyalina na tsaye a kanta dare da rana, na san ba abin da ya kai gida. Muna roƙon Mutari ya janye kalmar da ta ɓata wa jama'a rai. Malama da Lawali ku sasanta maganar jaka uku a waje. Kuɗin gudummawar bikin ɗiyar Sani, saura mutum goma sha ɗaya ba su bayar ba.

Malama Zainabu: "Iyalina na tsaye a kanta." Alhaji ka ji kanka?

Mutari: Sau uku ne. Nana, katifar nan mai iska, ana samunta a Damagaram ko sai an aiko daga Yamai?

Alhaji Sale ya sauya tsarin zaure. Admin kaɗai ke iya tura saƙo.