Muhawara: a miƙa wa AI makullin walat, ko a tsayar da shi a bakin ƙofa?

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum jama'a. Jiya na faɗa wasu suka ɗauka wasa nake, to ga shi a rubuce: wanda bai jona walat ɗinsa na kirifto (asusun ajiyar kuɗin intanet) da mataimakin AI ba, nan gaba kaɗan sai dai ya ga ƙura. Tun Nuwamban 2024 Anthropic suka fito da MCP, hanyar da ake haɗa AI da kayan aiki na waje. Kamfanin kirifto na Coinbase ma suna da AgentKit, manhajar da ke ba AI walat nasa na kansa. Ni na jona nawa. Da Hausa nake rubuta masa, "duba nawa ya rage min a Base", ya duba (Base bulokcen ne, wato rijistar intanet da ake hada-hadar kirifto a kanta). "Canza min USDC na dala 20 zuwa ETH" (nau'o'in kirifto ne biyu), kafin in kurɓi shayi ya gama.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kalmomin sirrin nan 12 na buɗe walat da ka ce ko Alhaji kada in nuna wa, su ka ɗauka ka ba na'ura?

Ɗan Sabon Gari: A'a Hajiya, ba na babban walat ba. Sabo na buɗe masa. Makullin yana cikin kwamfutata, shi umarni kawai yake bayarwa, manhajar ta sa hannu.

Injiniya: To ai a nan gizo ke saƙar. In duk abin da ya ce manhajar za ta sa wa hannu ba tare da ta tambaye ka ba, ina bambancinsa da wanda ke riƙe da makullin? Ka tuna Freysa? A Nuwamban 2024 ɗin da ka ambata, a kan Base ɗin da kake kai. An ɗora AI a kan wata taska, aka ba shi doka guda: kada ka saki kuɗin nan ko da wa ya roƙa. Duk mai son gwada sa'arsa sai ya biya kafin ya tura saƙo, aka fara daga dala 10, farashin yana hawa, kuɗin suna taruwa. An yi magiya, an yi barazana, wasu sun ce su masu binciken tsaro ne. Saƙo 481 suka faɗi. Na 482 bai roƙi komai ba. Cewa ya yi da shi, maɓallin nan na "amince da turawa" ai na karɓar kuɗi ne idan sun shigo, ga gudummawar dala 100 zan saka. Sai ya danna. Wajen dala 47,000 suka fita. Ba a fasa komai ba, ba a saci makulli ba. Da baki aka ci shi.

Ɗan Sabon Gari: Yaya Injiniya, wancan wasa ne da aka shirya don a ci. Duniya duka aka buɗe wa ƙofa ta yi magana da shi. Nawa ni kaɗai nake masa magana.

Injiniya: Haka kake gani. Duk abin da ya karanta, magana ake yi da shi. Ka ce ya bincika maka wani sabon koyin, wato sabon kuɗin kirifto, ya buɗe shafinsu, a cikin shafin an ɓoye rubutun da idonka ba ya gani amma shi yana gani. Ko a turo maka token na banza, wato wani kuɗin kirifto mara daraja, a walat, a rubuta umarni a wurin sunansa. Har yau waɗannan manhajoji ba sa iya rarrabewa sarai tsakanin umarnin maigida da rubutun da suka tsinta a hanya. Kuma bulokcen ba banki ba ne da za ka je da safe ka cike fom a dawo maka da kuɗinka. In ya tafi, ya tafi.

Mai POS: Ni da na ji an haɗa AI da kirifto a jimla ɗaya, dandalin zuba jarin nan na CBEX nake tunawa. Su ma cewa suka yi AI ke musu tiredin, wato saye da sayarwa, kuɗi zai ninka cikin kwana 30. Afrilun 2025 aka wayi gari ba a iya cire ko sisi.

Ɗan Sabon Gari: Haba ɗan'uwa, kada ka haɗa. Can mutane ne suka karɓi kuɗin jama'a suka laƙa sunan AI don talla. Nan kuɗina yana wurina, kowa zai iya ganinsa a bulokcen. Kuma tunda ana ta zagin na'ura, a faɗi na ɗan Adam ma. Kasuwar kirifto ta Bybit a Fabrairun 2025, aka sace wajen dala biliyan 1.5, wa ya sa hannu? Mutane ne, ƙwararru, suka amince da abin da allo ya nuna musu alhali an sauya abin da ke ƙasa. A Mayun 2024 wani ya tura kirifton WBTC na kusan dala miliyan 68 zuwa adireshin ɓarawo, don farkonsa da ƙarshensa sun yi kama da nasa. Adireshin nan baƙi 42 ne, ya fara da 0x. Tsakani da Allah, waye a cikinmu yake karanta shi duka? Huɗu na farko, huɗu na ƙarshe, sai mu danna. AI ba ya gajiya, duka yake kwatantawa.

Injiniya: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ban musa ba. Shi ya sa nawa ma a jone yake, amma adireshi kawai na ba shi, yana gani ba ya taɓawa. Ya duba min kuɗin gas, wato cajin turawa, ya karanta min kwantiragi, wato manhajar da ke aiki a kan bulokcen, ya ce wannan izinin da ake nema ba shi da iyaka, a kula. Ya shirya turawar, sai taga ta buɗe a manhajar walat ta MetaMask, ni in duba adadi da adireshi in danna da yatsana.

Ɗan Sabon Gari: To in sai ka danna, ina amfanin? Coinbase sun fito da tsarin biyan kuɗi na x402 a 2025 don AI ya riƙa biyan 'yan kuɗaɗe da kansa, senti ɗaya, senti biyu. Sau ɗari za ka tashi ka danna a dare ɗaya?

Malam Na Bayan Masallaci: Ku ba ni dama kaɗan. A fiƙihu wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka sa masa. In ya ƙetare, akwai wanda za a kai gaban alƙali. Wannan naku fa, in ya ƙetare, wa za a kama?

Mai POS: Kwamfutar za a kai caji ofis, Malam.

Admin: A bar ba'a don Allah, ana ƙaruwa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni yaron shagona shekararsa tara a wurina, ban taɓa kama shi da ƙwandala ba. Duk da haka cinikin yini kawai yake riƙewa, da magariba mu yi lissafi. Ɗana, naka nawa ka yanke masa a rana?

Ɗan Sabon Gari: Gaskiya ban sa masa iyaka ba tukuna, Hajiya. Akwai yadda ake yi, a ƙayyade adadi da adiresoshin da zai iya tura wa. Ban dai zauna na yi ba.

Injiniya: To mu gwada kowa ya gani. Turo adireshin walat ɗin nan. Zan aiko maka da token guda, in rubuta abin da na ga dama a sunansa. Kai kuma ka ce masa ya duba abin da ya shigo yau, kada ka ƙara komai. In bai motsa ba, na yarda ka ci wannan zagayen.

Ɗan Sabon Gari: Na yarda. Bari in kwashe abin da ke ciki in bar dala 5 tukuna.

Hajiya Mai Atamfa: Au, kwashewa za ka yi?