Zogale da ayaba a ƙarƙashin gida: za su kai Afrilu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune kusa da birnin Raleigh a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. Gidanmu irin wanda ake ɗagawa daga ƙasa ne, akwai wani sarari mai duhu a ƙarƙashin daɓe inda bututun ruwa suka bi, sai da rarrafe ake shiga. Bara na bar zogalena a waje, dare ɗaya na sanyin ƙanƙara ya mai da shi baƙi ƙirin. Wallahi har hawaye na yi, daga iri na rene shi. Bana ina da zogale biyu a tukunya, ayaba ɗaya, gwaza da ɗan lemun tsami. Oktoba ya zo ƙarshe, cikin gida kuma babu fili. In tura su can ƙasa?

Wata 'yar uwa daga Tenesi:
Wa alaikumus salam. Ayaba da gwaza kam wurinsu ke nan, shekara biyar ina yi. Ki tono ayabar, ki sare ganyen duka, ki kakkaɓe ƙasar saiwa, ki kwantar da ita. Gwaza ki bar shi ya sha iska kwana uku kafin ki sa shi. Amma Yaya, kafin komai ki sayi ma'aunin sanyi mai nuna inda ya fi sauka cikin dare. Abin da ake so tsakanin digiri 7 ne zuwa 12 a ma'aunin Salshiyos. In ya kusa sifili, ki toshe tagogin iskar da ke jikin ginin.

Wani dattijo daga jihar Jojiya:
'Yata, lemun nan kada ki kai shi duhu. Ba ya barci kamar sauran, da ganyensa yake cin sanyi, haske yake so. Nema masa gefen taga ko yaya ne. Zogale kuwa ruwa ne ke kashe shi a wannan lokaci. Ki sare shi ya rage kamar kamu ɗaya, ki bar ƙasar tukunya ta bushe. Ganye zai zube, ki ga kamar ya mutu, kada ki ji tausayi ki yi ta ba shi ruwa, saiwar za ta ruɓe. Kofi ɗaya a wata ya ishe shi, shi ma sai ƙasar ta bushe ƙamas. Ki sa shi ta ɓangaren da ya fi ɗumi.

Wani ɗan uwa:
Hajiya, a kula da ɓera, sun cinye min gwaza bara. Kuma kar a ajiye kwali a kan ƙasar wurin, gara yake jawowa, gidan kuwa na katako ne.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, lemun zai kwana a kicin. Yaushe zan fito da sauran?

Dattijon:
Bayan tsakiyar Afrilu, zogale ma ki jinkirta masa zuwa Mayu. Ki fara ajiye su a inuwa mako guda kafin su ga rana.