Ko biyan kuɗin Microsoft 365 ko Google Workspace ya isa ya sauke mana nauyin bayanan marasa lafiya?

Manajar asibiti, Unguwan Rimi:

Assalamu alaikum. Ni ce ke kula da ofis a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Kaduna, kuma ma'aikatanmu ba su kai talatin ba. Har yau sakamakon gwaje-gwaje yana cikin kwamfuta guda a ɗakin gwaji, jerin sunayen masu inshorar lafiya yana yawo a filash tsakanin akanta da mai rajista, wasu takardun kuma ma'aikata kan tura su ta imel ɗinsu na kashin kansu. Mai asibitin ya amince mu koma Microsoft 365 ko Google Workspace, wato manhajojin imel da ajiyar fayiloli a intanet, kuma wanda ya zo yi mana talla ya ce da zarar mun biya, mun cika sharuɗɗan dokar kare bayanai, tun da kamfanonin suna da takardun shaidar tsaro na duniya. Hankalina bai kwanta da wannan magana ba, domin abin da ke hannunmu asirin mutane ne: wadda ke da juna biyu, da wanda aka samu da ciwon hanta ko ƙanjamau. Don Allah masana su fayyace mini, me waɗannan manhajoji suke karewa da gaske, me kuma ya rage a wuyanmu?

Lauya, Kawo:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi daidai da ba ki karɓi maganar mai tallan ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 kuma ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta bambanta tsakanin wanda ya yanke shawarar tattara bayanai da amfani da su, da wanda yake sarrafa su a madadinsa. Asibitinku shi ne na farko, Microsoft ko Google kuwa na biyu ne. Takardar shaida irin ISO 27001 tana magana ne a kan yadda kamfanin yake tsare rumbunansa da ma'aikatansa, ba ta ce komai ba a kan ko kuna da hujjar karɓar bayanan da kuke karɓa, ko kun sanar da mara lafiya abin da za ku yi da su, ko wane ne kuka ba izinin ganinsu.

Bayanan lafiya suna cikin rukunin da dokar ta ɗauka masu tsananin sirri, tare da addini, ƙabila da zanen yatsa. Idan aka yi kutse ko bayanai suka fita ta yadda za a iya cutar da masu su, ku ne za ku sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 da sanin abin da ya faru. Tarar da dokar ta tanada ga masu riƙe bayanai da ta ɗauka manya tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kada ƙanƙantar asibitin ta yaudare ku, domin sanarwar da hukumar ta fitar a 2024 ta sa fannin lafiya cikin waɗanda ake sa wa ido, ta kuma lissafa duk mai sarrafa bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida a sahun manyan. Saboda haka ku bincika maganar yin rajista da hukumar, ku naɗa jami'in kare bayanai, ku kuma karanta yarjejeniyar sarrafa bayanai ta kamfanin da kuka zaɓa ku adana kwafinta.

Injiniyan kwamfuta, Barnawa:

Hajiya, bayan abin da Barista ya faɗa, zan ƙara da abin da muke gani a wajen aiki. Kamfanonin biyu suna kulle bayanai da lambobin sirri lokacin da suke tafiya a intanet da lokacin da suke ajiye, kuma wannan kaɗai ya fi filash da ke faɗuwa a cikin Keke Napep nesa ba kusa ba. Amma sauran kariyar tana nan kamar makullin da aka sayo aka bar shi a leda, sai an kunna ta, kuma wasu ɓangarorinta ba sa cikin tsari mai araha.

A Microsoft, tsarin Business Premium ne ke zuwa da Intune, wanda zai ba ku damar goge bayanan asibiti daga wayar ma'aikaci idan ta ɓata, da alamomin sirri da ake maƙala wa takarda ta yadda ko an tura ta waje ba za ta buɗu ba, da kuma dokokin da ake saita wa manhajar don hana fitar bayanai ta imel da OneDrive, ma'ajiyar fayilolinsa. A Google, Vault mai adana saƙonni da binciko su yana farawa ne daga Business Plus, dokokin hana fitar bayanai daga Drive, ma'ajiyar fayilolinsa, kuwa sai a tsarin Enterprise. Tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa waya, tana nan dai a kowane tsari, kuma ita ce farkon abin da za ku wajabta wa kowa, har da mai asibitin. Ku kuma rufe zaɓin da ke ba duk wanda ya samu mahaɗin fayil damar buɗe shi, ku ba kowane ma'aikaci asusunsa, domin idan mutum biyar suna shiga da kalmar sirri guda ta teburin rajista, rajistar da manhajar ke ajiyewa ta abin da kowane asusu ya yi ba za ta iya nuna wanda ya kwafi fayil ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu 'yan Najeriya musamman. Lambar NIN lambobi 11 ce, BVN ma 11 ce, lambar waya da ke farawa da 080 ita ma 11 ce. Idan aka saita wa manhajar doka cewa a tare duk saƙo mai lambobi 11 a jere, to rabin imel ɗin asibiti zai tsaya, ma'aikata su gaji su koma WhatsApp. Sai a haɗa dokar da kalmomi irin su NIN ko BVN a kusa da lambar, a kuma fara da gargaɗi kawai na 'yan makonni kafin a koma tarewa.

Malamin jami'a, Malali:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin an tsallake tambayar da ta fi girma, wato ina bayanan za su zauna. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na ajiyar bayanai na farko a Afirka a Johannesburg da Cape Town a 2019, Google kuma ya buɗe tasa a Johannesburg a 2024, zaɓin wurin ajiya na Google Workspace kuwa tsakanin Amurka da Turai ne. Ma'ana, fayil ɗin mara lafiya daga Rigasa zai bar ƙasar nan. Dokar 2023 ba ta haramta hakan ba, amma ta sa sharaɗin cewa inda za a kai bayanan akwai isasshiyar kariya, kuma a rubuta hujjar fitar da su. Sannan dokar CLOUD Act ta Amurka ta 2018 tana ba hukumomin can damar neman bayanai daga kamfanoninsu ta hanyar shari'a, ko a wace ƙasa aka ajiye su. Ya kamata mai asibitin ya san wannan kafin ya sa hannu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Tudun Wada:

Malam, maganarka gaskiya ce, amma a ganina haɗarin da ya fi kusa da mara lafiya yana cikin aljihunmu ne. Idan likita yana gaggawa kuma netwok ya yi rauni, abin da ake yi shi ne a ɗauki hoton sakamakon a tura masa ta WhatsApp. Hoton nan sai ya zauna a cikin wayar da yara ke wasa da ita da daddare, ko wadda za a kai wa mai gyara a kasuwar Sheikh Gumi. A garin da kowa ya san dangin kowa, hoto guda ya isa ya raba aure. Hajiya, idan sabon tsarin ya fi WhatsApp wahalar amfani, to ma'aikata ba za su bi shi ba, don haka a sa musu manhajar asibiti a waya, a koya musu a aikace, a kuma tanadi data da wuta.

Manajar asibiti, Unguwan Rimi:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Injiniya, saura tambaya guda: idan ma'aikaci ya bar aiki, me ya kamata mu yi da asusunsa?

Injiniyan kwamfuta, Barnawa:

Ku rufe shigarsa a ranar da ya tafi, ku fitar da asusun daga duk wayoyinsa, amma kada ku yi gaggawar goge shi. Ku fara miƙa fayilolinsa da saƙonninsa ga shugaban sashensa, domin asusun da aka goge ana iya dawo da shi ne cikin kwana 30 a Microsoft, kwana 20 kuma a Google. Takardun marasa lafiya kuwa tun farko a ajiye su a ma'ajiyar asibiti ta bai-ɗaya, kada su zauna a ƙarƙashin sunan ma'aikaci guda.