Za mu tashi daga gidan haya, ta ina zan fara?

Uwargida: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu koma Hotoro daga Ɗorayi a ƙarshen wata, kuma abin da ya fi damuna shi ne kwanukan tangaran da mahaifiyata ta yi mini jere da su.

Maman Yara: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki naɗe kowanne da tsohon zani, ki jera a kwali, sannan ki riƙe kwalin a cinyarki, kada a ɗora shi a bayan a-kori-kura.

Dattijo: 'Yata, maigidanki ya binciki bashin wutar sabon gidan kafin ya biya kuɗin haya, domin mu da muka tare, sai da muka biya bashin wanda ya tashi.

Uwargida: Na gode, Baba, zan faɗa masa yau da daddare.