Targaɗe ana tsaka da rawa, ya kuka yi da naku?

Ɗan koroso, Kano: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar muna wasa a wajen wani biki na yi tsalle na diro kan siminti sai ƙafar dama ta turguɗe, har na ji wani ƙas a idon sawu, amma ga kiɗa ya ɗau zafi ga mutane na ta liƙi sai na cije na ƙarasa. Da na zo kwance akayau wurin ya kumbura sumtum. Yau kwana uku ina ɗingishi, ga wani aikin jibi, ogan mu ya ce in sha magani kawai in fito. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min ya ya yi.

Tsohuwar 'yar rawar fim: Ƙanina kar ka fita, wallahi kar ka fita. Ni gwiwa ce ta dame ni, muna lokeshan kusan sati uku kullum sai na haɗiyi diclofenac da safe ko karyawa ban yi ba, ciwon ya lafa in yi ta juyi har dare, ashe gwiwar ƙara lalacewa take ni ban ji ba. Ƙarshe cikina ne ya fara zafi kamar an zuba barkono, likita ya ce olsa ce, wai irin maganin nan cin bangon ciki yake, kuma yana taɓa ƙoda in mutum na ta gumi ba ya shan ruwa. Har yau in na durƙusa gaida surukata sai na dafa ƙasa kafin in miƙe.

Baba mai kalangu: Yaro sannu. Shekarun baya wani yaronmu irin haka ta same shi, muka kai shi wajen mai ɗori aka murza aka ja yana ihu, muna cewa targaɗe ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka tafi Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗau hoto, ashe ƙashin ne ya tsage, sai da ya yi sati 6 da filasta. Abin da likitan ya gaya mana na riƙe shi: in ba ka iya taku 4 a kan ƙafar, ko in an danna kan ƙashin idon sawun ka zabura, to sai an yi hoto. Gwada yanzu ka gani.

'Yar rawar biki, Damagaram: Nawa bai kai ga ƙashi ba, Alhamdulillahi. Kuskuren da na yi daren farko na shafa man zafi na gasa da ruwan ɗumi, da safe kumburin ya ninka. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ce ta ce in bari, ta sa na naɗe ƙanƙara a tsumma ina ɗorawa minti 15 zuwa 20 sau da yawa a wuni, in ɗaure da bandeji ba tamau ba, in kwanta in ɗora ƙafar kan filo biyu. Da ya sauka ta ce in riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya ina asuwaki, kuma in riƙa zana baƙaƙe a iska da babban yatsa, don in jijiyar ba ta yi ƙwari ba ƙafar sake turguɗewa take. Wata guda na yi ban taka rawa ba, kuɗin da na rasa ya min ciwo sosai amma tun daga nan ba ta sake ba.

Wani ɗan rawa, Kaduna: Ni dai roƙona duk wanda ya miƙo maka tramol ka ƙi karɓa. Abokina da shi ya fara saboda ciwon baya, ranar nan a filin riyasal ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, mu muka ɗauke shi a adaidaita.

Ɗan koroso, Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na gwada, a taku na biyu sai da na dafa bango. Na kira oga na ce ya sa wani a madadina, gobe da sassafe yayana zai kai ni Dala. Anti ta Damagaram, ƙanƙarar tana da amfani har yanzu da an kwana uku, ko in bari sai sun duba?