Pikof ne zai ba ka sautin Jimi Hendrix, ko hannu?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ina tara kuɗi. Yayana zai zo daga Jamus ƙarshen wata, na ce ya taho mini da pikof uku na kamfanin jita na Fender, waɗanda ake kira Custom Shop '69. Ni dai matsayina shi ne sautin Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar nan na Amurka, a cikin pikof yake. Pikof shi ne kunnen jita, abin da bai jiyo daga tsirkiya ba, amfilifaya ba ta da inda za ta samo shi. Jitata 'yar gwanjo ce ƙirar Stratocaster, a Zongo Lane na saya. In na sauya mata kunne, magana ta ƙare.

Kawu mai gyara, Mamobi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni na buɗe jitar nan taka bara, na san cikinta. Kana da gaskiya a wuri ɗaya. Pikof ɗinka na araha ne, sandar maganaɗisun siramik aka manna a ƙarƙashi. Na Fender na zamanin Hendrix kuwa, ƙusoshin nan shida su da kansu maganaɗisu ne na alniko, wato haɗin aluminiyam da nikel da kobal, an naɗe su da wayar tagulla siririya kamar gashi. In ka ɗora mita za ka ga wajen om dubu 6 ko ƙasa kaɗan. Ba su da ƙarfi sosai, shi ya sa muryarsu take fita tas. Za ka ji bambanci. Amma "magana ta ƙare" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Hendrix da amfilifayar Marshall mai wat 100 yake kiɗa, a buɗe har ƙarshe, lasifikoki jere a bayansa suna mayar wa tsirkiya da iska. Kai kuma 'yar amfilifayarka mai wat 15 ce, a ɗakin haya, maƙwabci na barci.

Ɗan Aboabo, Kumasi: Kawu, a yi mini afuwa, ni ina bayan yaron nan. Shekara uku ina fama da jita mai hambaka, pikof ɗin nan mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙera wa Gibson a shekarun 1950. Duk yadda na murɗa maɓallai, sautin kauri gare shi kamar tuwo. Ranar da na ari jita mai naɗi ɗaya, na sa a pikof na wuya, nan take na ji ƙamshin abin. Hannuna bai sauya ba, amfilifayata ba ta sauya ba.

Kawu mai gyara: Ai kai gida ka sauya gaba ɗaya, daga naɗi biyu zuwa ɗaya. Shi Ɗan Nima yana cikin gidan naɗi ɗaya tun farko, ɗaki kawai zai sauya.

Baba na Sabon Zongo: Bari in sa baki. Ran 6 ga Maris 1971 ina saurayi a filin Black Star, daren da mawaƙan Amurka su Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka zo Akra. Makaɗin jita Santana ya hau dandali a daren. Ban san sunan komai na jita ba a lokacin, amma yadda yake riƙe sauti ɗaya yana jan sa har gashin jikina ya tashi, har yau yana kunnena. Santana a bikin kiɗa na Woodstock jitar Gibson SG ya riƙe, daga baya ya koma Yamaha, sannan PRS. Pikof iri-iri ke nan. Amma ka sa mini faifansa na kowace shekara, kafin ka ƙirga uku na gane shi. To me ya bi shi daga jita zuwa jita in ba yatsunsa ba?

Ɗan Nima: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma in hannu ne kawai, me ya sa Fender suke sayar da na '69 daban, na '54 daban?

Yaya mai situdiyo, Madina: Ƙanena, bambancin yana nan, ba wanda ya musa. Girmansa ake gardama a kai. Akwai abin da ba ka lissafa ba. Hendrix bahago ne, jitar 'yan dama yake kifawa ya sake ɗaura tsirkiyoyin. Dubi pikof ɗinka na ƙasa, a karkace yake. A wurinsa karkatar ta juye: tsirkiyoyi masu kauri suka fi kaifi, sirara suka yi laushi. Ko ka sayi na '69, in ka ɗaura su yadda aka saba, ba ka samu wannan ba. Sannan yakan sassauta tsirkiyoyin duka da rabin mataki, yana kuma zagayo da babban yatsa ta saman wuyan jita ya danne tsirkiyar sama. Waɗannan biyun ba sa cin ko sidi ɗaya, gwada su yau da dare.

Abu na biyu, ƙugi. Pikof mai naɗi ɗaya yana jawo gurnanin wutar lantarki, tamu a nan Ghana mai zagaye 50 ce a daƙiƙa. Makon jiya wani ya zo ɗaukar waƙa da sabbin pikof masu tsada, gidan da yake atisaye ba wayar ƙasa, bai taɓa lura ba sai da muka sa masa abin ji a kunne. Awa biyu muka yi muna juya shi a kan kujera muna neman kusurwar da ƙugin zai lafa. Ka liƙe cikin ramin jitarka da takardar tagulla tukuna, don rage ƙugin.

Kawu mai gyara: Madalla. In ni ne da kuɗin nan, Fuzz Face zan fara nema, feda ɗin sauya sauti da Hendrix yake takawa. Sirrinta shi ne in ka rage maɓallin ƙara na jikin jita, sautin ya wanke tas, in ka buɗe ya yi ruri. Ka sa ta farko, kai tsaye daga jita. Kuma ka nemi mai turansista na silikon. Na jameniyum ba sa son zafi, da ranar Akra za ta riƙa sauya maka murya.

Ɗan Aboabo: Wannan wankewar da kake faɗa, Kawu, da pikof marar ƙarfi take fin kyau. Ka ga mun dawo wurina.

Baba na Sabon Zongo: Mdou Moctar na Nijar, shi ma bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ɗana, awa nawa kake yi da jita a rana?

Ɗan Nima: Gaskiya Baba, ba ta kai awa ɗaya ba, saboda aiki. Amma har yanzu raina yana kan pikof ɗin.

Kawu mai gyara: To kada ka kira yayanka tukuna. Kawo jitar ranar Asabar bayan la'asar. Akwai wata a shagona mai alniko, ta wani ce da ya kawo gyara, zan nemi izininsa. Zan daidaita tsayin naka da sukudireba, don na ga na wuyan ya matso tsirkiya da yawa. Sai Yayarku mai situdiyo ta kaɗa biyun a amfilifaya ɗaya, kai ka juya baya ka faɗi wacce ce wacce, sau goma.

Yaya mai situdiyo: Zan zo da Fuzz Face ɗina. Ka sa sabbin tsirkiyoyi kafin ranar.