Me ke sa kamfani ya tunkari gwamnati shi kaɗai, ko ya bi ta ƙungiya?

Ɗan Sharaɗa: Assalamu alaikum. Na lura cewa idan gwamnati ta fito da manufar da ta shafi kasuwanci, wani lokaci ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ce ke magana da yawun kowa, wani lokaci kuma kamfani ɗaya ne ke bin kadin lamarinsa a Abuja. Ina neman masana su fayyace mini abin da ke raba hanyoyin biyu.

Malamar Tattali: Wa'alaikumus salam. Abin da ake nema shi ke zaɓar hanya. Idan matsalar ta shafi kowa, kamar kuɗin lantarki ko harajin shigo da kaya, taron dangi ya fi arha kuma ya fi nauyi a kunnen hukuma. A watan Maris na 2018 Najeriya ba ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Kigali ba, bayan MAN da ƙungiyar ƙwadago ta NLC sun nuna fargabar cewa kayan waje za su durƙusar da masana'antun gida, kuma sai a Yulin 2019 Shugaba Buhari ya rattaba hannu a Yamai. Babu kamfani ɗaya da zai iya jinkirta wannan shi kaɗai.

Tsohon Akawu: Malama ta yi gaskiya, amma akwai buƙatun da ba a kai wa ƙungiya, domin abokin hamayyarka na zaune a teburin. Lasisi, rangwamen haraji da kwangila duk rabon mutum ɗaya ne. A 2024, da matatar Dangote ta shiga takun saƙa da hukumar NMDPRA mai sa ido kan tace mai da rarraba shi kan shigo da man dizal, da kuma manyan kamfanonin haƙar mai kan samun ɗanyen mai, Alhaji Aliko da kansa ya fito yana magana, kuma a watan Oktoba aka fara sayar wa matatar ɗanyen mai da naira. Wanda shugaban ƙasa ke ɗaga wa waya ba ya jiran taron kwamiti.

Malamar Tattali: Haka ne, Malam, sai dai ƙaramin mai masana'anta a Bompai ta Kano ba shi da wannan ƙofa. Ƙungiya ce rumfarsa, domin idan ya soki hukuma da sunansa, yana tsoron gobe jami'an haraji su yi masa sallama. Matsalar ita ce, da yawa ba sa biyan kuɗin ƙungiya, tunda sun san idan an yi nasara za su ci moriya ko sun biya ko ba su biya ba, shi ya sa manyan da ke ɗaukar ɗawainiyar su ne muryarsu ke rinjaye.